Ladubban Kunna Shehi

Ranar Litinin da safe Shehi ya ƙi tashi, saura kwana uku a sallamo tsohon abokina Gidaɗo daga asibiti.

Shehi ba mutum ba ne. Sakhan ne, wato na'urar gas mai dafa ruwa, maƙale a bangon kicin ɗin gidan da nake haya a Hadayek el-Maadi. Sai dai namu ya fi na maƙwabta girma da girman kai. Ban da ruwan wanka, yana tura ruwan zafi ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafuna da ke jikin bangon kowane ɗaki, gida ya ɗauki ɗumi gaba ɗaya. Wani injiniya Bature ne ya girka shi, ya zauna shekara biyu ya koma ƙasarsu, ya bar wa unguwar abin da ba wanda ya san kansa.

Mu bakwai muka kama gidan a shekarar 1999, duk ɗalibai, kowa da rigar sanyi ɗaya tak ta gwanjo. Ba mu san akwai sanyin da ke shiga ƙashi ya yi zamansa ba sai da muka zo Alƙahira. In sanyi ya kankama, a kicin muke tarewa da littattafanmu, mu zauna a ƙasa, na'urar tana sama tana gurnani. Rashid, wani ɗan Maraɗi da bakinsa ba ya hutawa, ko da magana ko da tauna, shi ya fara cewa mun yi kama da masu ɗaukar karatu a gaban malami. Sunan Shehi ya zauna.

Sauran shidan sun gama sun koma gida, sun zama abin da ake zama: limamai, malaman jami'a, ɗaya har ya shiga siyasa, Allah ya shirye shi. Ni na tsaya na shekara ɗaya don in ƙarasa digiri na biyu, har yau ban gama shekarar ba. Yanzu tafinta nake yi wa 'yan ƙasarmu masu zuwa neman magani. Likita ya faɗi magana mai ɗaci da Larabci, ni in zuba mata sukari da Hausa. Iyalina suna Zariya saboda makarantar yara. Ɗalibai na shiga ɗakunan gidan suna fita, ni da Shehi ne kawai ba ma motsi.

Da shekaru suka ja, Shehi ya fara taurin kai, ni kuma na gano yadda ake shawo kansa. Ka kashe shi. Ka jira gwargwadon alwala ɗaya. Ka kunna, sannan ka mare shi da tafin hannu a gefen hagu, sau biyu, ba sau uku ba. Sai ka ji ƙas, wuta ta kama. Ɗaliban da suka zauna da ni, da yake masu karatun hadisi ne, suka rubuta wannan a takarda suka manna a cikin murfi, har da jerin maruwaita: Ukasha ya ji daga Zainulabideen, shi kuma ya ji daga Malam Harun, wato ni. Shi ne kaɗai ilimin da aka taɓa ruwaitowa daga gare ni.

Gidaɗo bai san waɗannan ladubba ba. Ya bar gidan kafin a buƙace su, kuma ni na kore shi, ko da yake ba da wannan kalmar ba.

A sanyin 2002 na je Iskandariya na kwana huɗu. Ina can wani baƙo daga Zariya ya kawo mini saƙon Umma, mahaifiyata: ƙunshin kilishi. Ba na kasuwa ba ne. Mahaucin unguwarmu take ba nama, amma ita take daka yajin da hannunta, ba ta yarda da na kowa ba. Gidaɗo ne ya karɓa. Shi ne abokin ɗakina, Bafillace siriri daga wata ruga a bayan Dukku, wanda muke raba bargo ɗaya da ƙamus ɗaya. Ranar da na dawo, kafin ma in ajiye jaka, aka kira ni a wayar mai shagon ƙasa aka ce Umma ta rasu, har an kai ta.

Bayan kwana uku na zaman makoki na tambayi saƙona. Gidaɗo ya ce yana cikin Shehi. Wai a rugarsu sama da murhu ake ajiye nama don kada ya lalace, kuma a gidan da ke da samari bakwai da Rashid a ciki, nan ne kaɗai ba mai leƙawa. Na buɗe murfi. Ba komai. Ya zo ya zura hannu har kafaɗa, ya lalube, ba komai. Ya ce a kwance ƙarfen ciki a duba. Na ce ba za a lalata kayan mutane don a rufe ƙarya ba. Sai ya rantse da Allah, a gaban kowa, cewa nan ya saka shi.

Na ce masa, “Riƙe rantsuwarka. Na san inda kilishi ya shiga.”

A makon nan ya tattara littattafansa ya koma unguwar Ainu Shams. Ya bar mini bargon da ƙamus ɗin.

Shekara ashirin da biyu muna jin labarin juna a bakin mutane. Na ji ya zama alƙali a Gombe. Mutumin da na ƙi karɓar rantsuwarsa, yanzu shi ke rantsar da jama'a.

Sai watan jiya wata yarinya ta kira ni, ta ce sunanta Humaira, ma'aikaciyar jinya ce, za ta kawo mahaifinta a yi masa aikin gwiwa, an ba ta lambata. Muna cikin magana aka karɓe wayar daga hannunta.

“Kaɗo,” in ji wata murya da ta tsufa ba tare da izinina ba. “Shehi na nan da rai?”

Gidaɗo ne. Ya ce a tsohon gidanmu yake so ya yi jinya, mako shida. Humaira ta yarda da sharaɗi ɗaya: ɗumi da ruwan zafi, kullum, ba fashi. In babu, akwai wani gida da ta gani a Dokki kusa da asibitin, za ta kama shi na makonnin shida gaba ɗaya. Na je duba shi sau huɗu a asibiti, amma kullum da ita a wurin, da masu jinya, da maganar gwiwa. Mun gaisa kamar jakadun ƙasashe biyu. Maganar da ke tsakaninmu ba ta ɗakin asibiti ba ce. Ta kicin ce, a ƙasa, gaban Shehi. Har na shirya jawabina. Zan ce masa yarinta ce, yunwa ce, komai ya wuce, na yafe. Na maimaita shi a jirgin ƙasa na metro har ya yi santsi, kuma duk lokacin da na kai ƙarshe sai girman zuciyata ya burge ni.

To ga shi Litinin, a tsakiyar watan da Misirawa ke kira Tuba, wanda sanyinsa ba ya jin roƙo, na cika ladubba duka, Shehi ko tari bai yi ba.

Na yi abin da mai ilimi ke yi. Na kunna murhun girki, ya kama, ke nan gas na zuwa. Na soka cajar waya a soket ɗin Shehi, ta kawo, ke nan akwai wuta. Na duba allurar ma'aunin ruwa, tana inda take tun zamanin Bature. Wata 'yar jar fitila ce kawai a gaba take ƙiftawa, ba ƙarar fanka, ba ƙas. Na kashe, na yi alwala ta gaske don kada a sami saɓani a lissafi, na kunna, na mara. Shiru. Daga nan na bar tafarkin magabata na ɗauko takalmi.

Ranar Talata bayan azahar Usta Isam ya zo, mai gyaran da ke da shago kusa da tashar metro. Gajere ne mai tumbi, sigari a bayan kunne, da jakar kayan aiki da ta girmi wasu ɗalibaina. Ya tsaya yana kallon Shehi kamar ya haɗu da wanda ya yi zaton ya daɗe da mutuwa.

“Ya ustaz, rabona da irin wannan tun ina yaron shago. Ina ka samo shi, gidan tarihi?”

Ya buɗe murfi, ya ga takardar ɗalibai, ya nemi in fassara masa. Na fassara, da yake sana'ata ce, har da jerin maruwaita. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

“Shekara nawa kuna dukan sa?”

“Ba duka ba ne. Tunatarwa ce.”

“Shekara nawa?”

“Wajen goma sha takwas.”

“Allah ya saka masa.”

Ya fito da mitarsa mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Ya gwada fis, lafiya. Ya ba fanka wuta kai tsaye, ta juya. Ya gwada abin da ke tartsatsi ya kunna gas, shi ma ba laifinsa. Yana yi yana bayani, ba don na tambaya ba.

“Duk ma'aikata suna nan, kowa da lafiyarsa. Mai ba da umarni ne ba ya magana. Borda ce.”

Borda, in ji shi, wani ɗan koren allo ne da ke can ciki, shi ke cewa fanka ta juya, gas ya buɗe, wuta ta kama, kuma shi ke rufe gas in wani abu ya karkace. Yana bayan wani faifan ƙarfe mai noti huɗu. Notin nan huɗu su ne waɗanda na hana a kwance a 2002. Usta Isam ya kwance su cikin minti ɗaya, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Allon ba kore ba ne. Wani abu mai danƙo, launin ƙasa, ya lulluɓe shi, ƙura ta manne a kai kamar gashi. Ya lakata da yatsa ya sansana.

“Mai ne. Wa ke suya a cikin sakhan?”

Ya haska fitilar wayarsa sama, ya zura hannu cikin wani lungu tsakanin faifan da bayan na'urar, ya yi ta ja. Abin ya fito da ƙyar, ya zubo da ƙurar shekaru a kan takalminsa.

Ƙunshi ne, faɗinsa kamar littafi. Takardar siminti ce, ta yi baƙi da mai, an ɗaure ta da ƙyallen atamfa. Na san atamfar. Shuɗiya ce mai zanen ganye, wadda Umma ke ɗaurawa in za ta shiga madafa. Na san ƙullin ma. Sau biyu take zagayawa sannan ta soke bakin a ƙasa, yadda take ɗaure mini kayan makarantar kwana. A gefen da mai bai cinye ba akwai rubutu da biro, siriri mai karkata, irin na gefen ƙamus ɗina: “Amanar Harun. Rashid, ka ji tsoron Allah.”

“Mene ne wannan?” in ji Usta Isam.

“Nama ne.”

“Na yaushe?”

Na faɗa masa. Ya cire sigarin daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar.

Ya yi mini bayanin sauran a hankali, kamar likita mai tausayi. Ƙunshin ya zame ta wata kafa ya faɗa bayan faifan. Duk sanyin da aka kunna wuta, mai ya narke ya ɗiga kan allo, ɗigo-ɗigo. Akwai wani ɗan makunni a jiki da man ya sa yake maƙalewa, shi ne in an mara sai ya saki. Amma kowane mari yana ƙara tsattsaga dalmar da ke riƙe da kayan allon.

“Mai ya sa shi ciwo, ya ustaz. Ku kuka ƙarasa shi. Takalmin jiya ne ya yi masa sallama.”

Ban gaya masa maganar takalmi ba. Sawun yana jikin fenti.

“A gyara.”

“Khalas, ya ƙone. Akwai wani mutum a Iskandariya mai tara tsofaffin irin wannan. Mako biyu, in Allah ya so.”

“Jibi nake buƙata.”

“Ma'alish, sai haƙuri.”

Na ce masa lallai akwai dabara, a ƙasar nan ban taɓa ganin abin da ba shi da dabara ba. Ya sosa ƙeya. Ya ce akwai masu haɗa waya biyu su tsallake allon, gas ya buɗe kai tsaye. Wuta za ta kama, gida zai yi ɗumi, duk wanda ya taɓa bango zai ce tamam, komai lafiya. Sai dai in wutar ta mutu, ko hayaƙi ya dawo ciki, babu mai rufe gas.

“Yawanci ba abin da ke faruwa,” in ji shi. “Ni dai ba na yi a gidan da 'ya'yana ke kwana. Wa zai kwana a nan?”

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin abin. Mako biyu ne kawai. Zan riƙa barin taga a buɗe kaɗan. Humaira za ta taɓa ƙarfe ta ji zafi ta sa hannu a yarjejeniya. Na ma fara tsara yadda zan ajiye ƙunshin sai mun zauna a kicin, in fito da shi a lokacin da ya dace, don ko neman gafara ne ina son in yi shi a wurin da na zaɓa. Sai na dubi rubutun nan mai karkata. Mutum ne da ba zai iya tashi da gudu ba ko da gobara ce.

“Wani ne da na taɓa cuta sau ɗaya,” na ce. “Kira mutumin Iskandariya.”

Ranar Laraba da hantsi na shiga metro da ƙunshin a cikin leda, na sauka a tashar Sadat na canja layi zuwa Dokki. Jawabina na yafiya ya biyo ni har tasha ta uku, daga nan ya sauka.

Na sami Gidaɗo a kishingiɗe, ƙafa a miƙe cikin wani abin ɗauri, yana harara wani farantin dafaffen kabewa. Gemunsa ya yi fari, amma har yanzu ba shi da naman da za a kama. Humaira na gefe tana jera magunguna.

“Kaɗo, ka shigo da fuskar tafinta. Wa zai mutu?”

“Shehi. Ya riga ya mutu.”

“Allahu akbar. Ai ya yi tsawon rai.”

Humaira ta ɗago. “Baba Harun, ba ɗumi ke nan?”

“Babu, 'yata. Sai nan da mako biyu, in mutumin Iskandariya mai cika alkawari ne.”

“To Dokki ke nan, Abba. Haka muka yi da kai.”

Gidaɗo ya buɗe baki zai ɗaukaka ƙara, sai na ciro ƙunshin na ɗora masa a kan bargo. Humaira ta yunƙura za ta ɗauke, don abin bai yi kama da kayan da ake shigowa da su ɗakin wanda aka yi wa aiki ba. Ya ɗaga mata hannu. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana karanta layi ɗaya.

“A ina?”

“Bayan faifan ƙarfe. Inda ka ce a duba.”

“Inda na ce a duba,” ya maimaita, kamar yana faɗa wa magatakarda ya rubuta.

“Gidaɗo, ka rantse na ƙi karɓa. A gaban mutane. Ni ne—”

“Tsaya. Wannan mai duk a cikin Shehi ya tsiyaye?”

“Shi ya kashe shi. Da taimakona.”

Na ba shi labarin ladubba, da maruwaita, da takalmi. Ya fara dariya, ta kai shi har ya riƙe gwiwa yana salati, Humaira na faɗin, “Abba, ɗinki!” Da dariyar ta lafa sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin bargo, alhali ba tabarau ne ya jiƙe ba.

“Ka san abin da ya fi damuna?” in ji shi. “Wani lokaci ina zaune a kotu, wani na rantsuwa a gabana, sai in ce anya ban ci na manta ba? Ka sa na yi shekara ashirin ina tuhumar cikina.”

“Ka yafe mini.”

“A kotuna, wanda ya kawo shaida bayan shekara ashirin da biyu korar sa nake yi.” Ya juya ƙunshin, ya nuna mini wata kusurwa da takardar ta ɗan yage. “Amma tunda ana faɗin gaskiya, na ɓalli nan. Kaɗan. Don in tabbatar bai lalace a hanya ba.”

“Kai da ka rantse!”

“A kan inda na ajiye na rantse, ba a kan ɗanɗano ba. Ka je ka tambayi Rashid lafazina.” Ya shafa ƙunshin. “Yajin nan, Harun. Ban ƙara cin irinsa ba. Na so in gaya maka a lokacin, ba hali.”

Ni ban taɓa ɗanɗana shi ba. A duniya shi kaɗai ya san yadda kilishin ƙarshe na Umma yake. Na jawo kujera kusa da gadon.

“Da citta da yawa?”

“Da kanumfari. Sai ka haɗiye sannan yake kama ka.”

“Haka take yi.”

Humaira ta tsaya da kwalbar magani a hannu tana kallon dattawa biyu suna sansanar takardar siminti. Ba ƙamshin komai a jiki sai tsohon mai da ƙura. Mun daɗe muna nema duk da haka.

“Humaira, gidan nan na Dokki ɗaki nawa ne?”

“Biyu, Abba. Naka da nawa.”

“A sa katifa a ƙasa a ɗakina. Dama ina tunanin wa zai riƙa kai ni banɗaki da wanka, don ba 'yata ba dai.” Ya nuna ni da tabarau. “Mako shida, Kaɗo. Wannan ne hukuncin. Ba ɗaukaka ƙara.”

Ranar Alhamis da safe na haɗa jaka. Na sa ƙamus ɗin nan a ciki, don lokacin mayar da shi ya yi, na sa ƙunshin a kai, ban kwance ƙullin ba. Na bar wa Usta Isam makulli a shagonsa, na ce in allon ya iso ya saka, amma kada ya cire takardar ɗalibai daga murfi.

Kafin in fita na leƙa kicin. Sanyi ya cika shi, tayil ɗin da muke zama a kai ya tsattsage a wurare biyu. Shehi na maƙale da cikinsa a buɗe, noti huɗu a cikin kofin shayi. Hannuna ya ɗaga da kansa zuwa gefen hagu, bisa al'ada. Na tsayar da shi a hanya, na sa bakin hannun riga na goge sawun takalmin, na ja ƙofa.